Iyalin Soja: Zaman Bariki ko Zaman Gari



Maganar yau a kan mazaunin iyalin soja take. Wani zai ce ina ruwan Hakimi da sha'anin bataliya? To, da ruwansa. Tun ran 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, ganin soja ya daina zama baƙon abu a Yauri da Ngaski da Shanga. Ban da wannan kuma, akwai 'ya'yan ƙasar nan da ke aikin soja a wurare masu nisa. Kowane ɗayansu, in dai mai aure ne, yana da tambaya guda a ransa, watau ina zai ajiye matarsa da 'ya'yansa.

Manyan barikokin da ke kewaye da ƙasar Yauri su ne na Zuru, da na Dukku a Birnin Kebbi, da na Wawa kusa da Sabuwar Busa a Jihar Neja. Akwai kuma sansanin mayaƙan sama na Kainji, inda aka sauke jiragen Super Tucano da aka sayo daga Amurka cikin 2021. A irin waɗannan wurare ne ake da ɗakunan iyali. Sojan da aka turo gadin hanya ko makaranta, zangonsa ba wurin mata da yara ba ne. Saboda haka ko dai ya bar su a barikin bataliyarsa, ko ya kama musu haya a gari, ko ya mai da su gidan iyayensa.

Amfanin bariki a fili yake. Ba mai gida da zai ƙwanƙwasa ƙofa ƙarshen shekara. Akwai asibiti, akwai makarantar 'ya'yan soja, ga kasuwar Mami a bakin ƙofa. Akwai kuma Magajiya, wadda ke shugabancin matan bariki. Ita ke sasanta su in sun saɓa, ita ke kai kukansu wurin Samanja. Idan miji ya tafi daji wata shida, matarsa tana tsakiyar mata masu irin halin da take ciki, in wani labari ya zo kuwa, nan yake fara sauka.

Amma fa ɗakin bariki aro ne. Ƙaramin soja yakan sami ciki da falo, wani lokaci ɗaki guda, a dogon gini mai madafa da makewayi na tarayya. Mai mata biyu, ko wanda matarsa ke kulle, zaman yakan yi masa wuya ƙwarai. Mutanen bakin tafki sun san wannan hali. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, an tayar da mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa masu yawa, aka ba su gidajen siminti da hukuma ta zana. Gidajen na da ƙarfi, amma ba a auna su da yawan iyalin kowa ba, sai da mutane suka riƙa ƙara ɗakunan ƙasa a gefe. A bariki ko wannan ƙarin ba a yarda da shi. Abin da ya fi duka nauyi shi ne, ran da soja ya bar aiki, ko Allah ya yi masa rasuwa, akwai wa'adin da ake ba iyalinsa su tashi, domin wani na jiran ɗakin. Matar da ta yi shekara goma sha biyar a bariki tana iya fitowa da marayu ba ta da ko kango.

Game da tsaro kuwa, kada a ɗauka katanga ta gama kome. Ran 27 ga Janairu, 2002, ma'ajin makamai ya fashe a barikin Ikeja, mutum fiye da 1,000 suka mutu, galibinsu wajen gudu. An kai wa barikin Giwa na Maiduguri hari cikin Maris, 2014, an kuma taɓa na Wawa cikin Oktoba, 2022. Duk da haka, matar sojan da ke zaune ita kaɗai a bayan gari ta fi ta bariki zama cikin haɗari, musamman inda 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto.

Zaman gari yana ba mutum sarari da sutura. Matar na iya kiwo, ko sana'ar kifi a Yelwa ko Wara, yara su tashi cikin dangi, su yi makarantar allo tare da 'yan unguwa. Wahalarsa ita ce haya. Masu gidaje sukan nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, soja kuwa ba shi da ikon kansa, yau yana Yelwa, gobe takarda ta zo an mai da shi Borno. Waɗansu masu gidaje kuma da sun ga kaki sai su ninka kuɗi, suna cewa ai ɗan albashi ne. Wannan ba daidai ba ne, albashin ƙaramin soja bai kai yadda ake zato ba.

Zaɓi dai na sojan ne da manyansa, don ba ya kwana waje sai da izininsu. Ba a neman Hakimi ya zaɓa masa. Abin da ake nema shi ne wanda ya zaɓi gari ya sami garin da zai bar iyalinsa hankali kwance. Kada a yi haya da baki. Malamin Hakimi ya rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu biyu, ya sa yawan kuɗi da ranar shiga, ya kuma sa a fili cewa in an canja wa sojan wurin aiki, mai gida zai mayar da kuɗin watannin da suka rage. Wannan sharaɗi shi ne aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi kawo rigima.

Ya kamata Hakimi ya san gidajen da iyalin soja ke ciki, amma littafin ya zauna a akwatinsa. Kada a bar shi bisa tebur inda kowane mai shigowa zai leƙa, kada kuma malami ya ɗauki hotonsa a waya. In saɓani ya tashi tsakanin soja da talaka, a aika wa kwamandansa takarda tun abin bai kai ga taron jama'a ba.

Sauran magana guda ga iyayen da 'ya'yansu ke aikin. Kowane soja yana da takardar da ya rubuta sunan magajinsa. Da yawa sun sa sunan uba ko wa tun suna samari, suka yi aure ba su gyara ba. Duk sojan da ya zo hutu ya shigo gaisuwa fada, Hakimi ya tambaye shi sunan wa ke kan takardar nan.