Maleriyar Tsuntsaye: Ciwon da Ke Cin Mai Shi a Ɓoye

 

Yawancinmu mun ɗauka zazzaɓin cizon sauro na ɗan'adam ne shi kaɗai. To, kurciyar da ke kuka a kan darbejiya cikin Gusau, da fakarar da ke kiwo a gindin duwatsun Tsafe, da marai da ke saƙa gida a bakin Gulbin Sakkwato wajen Bunguɗu, kowannensu na iya ɗauke da irin nasa. Tun wajen 1885 Vasily Danilewsky ya ga ƙwayoyin wannan cuta a jinin tsuntsaye. Da tsuntsaye ne kuma Ronald Ross ya nuna, a Kalkata ta Indiya a 1898, yadda sauro ke yaɗa maleriya, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1902. Bari in kwantar da hankalin masu son naman zabo: na tsuntsu ba ya kama mutum.

Manyan ƙwayoyin cutar uku ne, kowanne da mai kai shi. Plasmodium sauro ke ɗaukarsa. Leucocytozoon yana bin baƙin ƙudan nan da ke hayayyafa a ruwa mai gudu. Haemoproteus kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo ke kai shi, sai kuma ƙudan nan mai faɗin jiki da masu kiwon tantabara suka sani, wanda in ka kama tsuntsu sai ya sulale cikin gashi, ka murje shi da yatsa ya ƙi mutuwa.

Ganinsu ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Za a huda jijiyar ƙarƙashin fiffike da allura, a ɗiga jini a kan gilashi, a shimfiɗa shi siriri, ya bushe, a jiƙa shi da methanol, a rina shi da Giemsa. Jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu suna da ƙwanƙwiya a tsakiya, saɓanin namu, kuma a madubin likita za ka ga Haemoproteus ya lanƙwashe a jikinta kamar jinjirin wata.

Ga inda nake so mu tsaya. Mai bincike zai kama tsuntsaye da raga, ya sami cutar a jinin wasu, ya auna nauyinsu ya ga lafiya lau, sai ya rubuta cewa ba ta da illa. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Tsuntsun da ciwo ya kayar ba ya tashi, balle ya faɗa raga. Yana lafewa a duhuwa, jini ya ƙare, saifa da hanta su kumbura, shirwa ko kyanwa ta gama da shi. Wanda ya zo hannunka shi ne wanda ya riga ya tsallake.

Shi ma ɗin bai tsira kyauta ba. A tafkin Kvismaren na ƙasar Suwidin an daɗe ana bin wani ɗan tsuntsun fadama da ke ƙaura zuwa Afirka in sanyi ya shigo can. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2015 ya nuna waɗanda cutar ta zauna a jininsu, ko da kaɗan ce, sun fi saurin tsufa, kwanansu ya fi gajarta, 'ya'yan da suka bari kuma sun fi ƙaranci. A ido dai ba ka raba su da masu lafiya. Tun a 2002 kuma wani bincike da aka yi a yankin Tafkin Chadi ya nuna baƙin tsuntsaye da na gida suna tarayya a wasu nau'o'in cutar.

Inda tsuntsu bai saba da ita ba, abin ya fi muni. A tsibiran Hawai, bayan shigar sauro a 1826, maleriya ta taimaka wajen shafe wasu tsuntsayen ƙasar baki ɗaya. Kusa da mu, a Kenya, an gano wani Plasmodium da fakara ke ɗauke da shi ba tare da wata alama ba, amma yana kashe talo-talo. Mai kiwo a gefen fadama ya kamata ya ji wannan, domin sauro ba ya tambayar wane ne na daji, wane ne na akurki. Ba duk mutuwar kaji ba ce farar masassara.

Shiga daji don irin wannan bincike a jiharmu yau, kun san halin rashin tsaro da ake ciki, ba zan tura ɗan kowa ba. Amma tsuntsu na zuwa gari. Akwai masu tarko, akwai masu sayar da kurciyoyi da zabi a kasuwa, akwai ɗakunan tantabara a unguwanni, ga kuma mutanen Kwatarkwashi da aka san su da kamun maiki tun kaka da kakanni. Su suka san wane tsuntsu ke zuwa da damina, wane ke kwana kusa da ruwa. Ɗalibin da zai yi aikin, ya ɗebi jini da damina, ya sake ɗiba da rani a wuri ɗaya, ya sa wa kowane tsuntsu zobe a ƙafa kafin ya sake shi, ya kuma rubuta waɗanda suka dawo raga da waɗanda ba a ƙara gani ba.