Faransanci a Fagen Wasanni: Wanda Ya Rubuta Doka, Harshensa Ke Hukunci



Tambayar da zan tsaya a kanta a yau ita ce: me ya sa a bikin buɗe gasar Olamfik ake fara sanarwa da Faransanci kafin Turancin Ingilishi, ko da a Sin ko Japan ake gasar? Amsar tana cikin tarihi.

A watan Yunin 1894 ne Bafaranshe Pierre de Coubertin ya tara wakilan ƙasashe a Jami'ar Sorbonne da ke Paris, aka kafa kwamitin Olamfik na duniya. Shekara goma bayan haka, a wannan birnin dai, aka kafa FIFA, wadda sunanta ma na Faransanci ne. Jules Rimet, wanda ya shugabance ta daga 1921 zuwa 1954, shi ya tsaya kai da fata har aka buga gasar cin kofin duniya ta farko a Uruguay a 1930. Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ga inda ƙarfin yake. Kundin dokokin Olamfik ya amince da harsuna biyu, Faransanci da Ingilishi, amma ya tanadi cewa idan rubutun biyu suka saɓa, na Faransanci ne abin dogaro. A wasan takobi kuwa, har gobe da Faransanci alƙali ke ba da umarni a gasar duniya, ko 'yan wasan Koriyawa ne. Ba yawan masu magana da harshen ne ya jawo masa wannan matsayi ba. Masu shi ne suka kafa hukumomi, suka zauna suka rubuta ƙa'idoji, saura suka tarar da su a rubuce.

Abin bai yi mana nisa ba. Wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, da aka fara a Maroko a 1989, sun sauka a Yamai a Disambar 2005. Issa Hayatou, ɗan Garwa a Kamaru, ya riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017. Matashinmu da ke son alƙalanci ko horar da 'yan wasa a wannan nahiya, Faransanci zai buɗe masa ƙofofi da dama, don haka ya neme shi.

Sai dai darasi mafi girma shi ne mu yi wa namu abin da suka yi wa nasu. Tun 1975 Nijar ke gudanar da gasar kokawa ta ƙasa, dambe kuma ya fara samun 'yan kallo a ƙetare. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina kira ga jami'o'inmu da hukumomin wasanni su haɗa kai da tsofaffin 'yan kokawa da 'yan dambe, a rubuta dokokin wasannin nan da Hausa, a horar da alƙalai da ita. Idan muka yi sakaci, wasu za su rubuta mana da harshensu.