Uwar da Ta Ƙi Karɓar Laifin da Ba Nata Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, malamar koyar da yara masu buƙata ta musamman, ta gabatar a ranar bikin zagayowar shekarar ƙungiya.

Hajiya Shugaba, iyayenmu da ke zaune a gaba, 'yan'uwana mata, da mazajenmu da suka daure suka zo, ina yi mana barka da wannan rana. An ce in yi magana kan aikina. Na ga gara in ba ku labarin wata mata wadda da ba don ita ba, da aikin nawa bai kai inda ya kai ba.

Sunanta Lona Wing, likita ce 'yar Ingila, an haife ta a 1928. Ita da mijinta duk likitocin ƙwaƙwalwa ne. A 1956 suka haifi 'yarsu Suzi. Wata rana tana cikin jirgin ƙasa da jaririyarta, sai ta ga wani jariri sa'an Suzi yana nuna abubuwa ta taga, yana waiwayowa ya dubi fuskar uwarsa. Gabanta ya faɗi, domin Suzi ba ta taɓa yin haka ba. Sai da yarinyar ta kai shekara 3 aka gane tana da abin da ake kira otizim, wanda kuke ji a rediyo ana cewa galahanga, ko da yake mu nan mun haɗa larurori da yawa mun ba su wannan suna ɗaya.

Ku lura, iyayen nan likitoci ne, amma a karatunsu kusan ba a koya musu komai kan wannan ba. A 1943 ne wani likita a Amurka, Liyo Kana, ya fara rubuta bayanin yara 11 masu irin wannan hali. Bayan haka wasu masana suka yaɗa cewa wai sanyin zuciyar uwa ne ke jawo shi, wai ba ta nuna wa ɗanta ƙauna ba. Ku ji fa! Uwa tana kwana ba barci, sannan a ce ita ce sila. Mu ma ai mun san irinta. Idan yaro ya kai shekara uku bai yi magana ba, sai a ce uwar ta fita da magariba tana da ciki, ko kishiya ce ta yi hannu, ko dangin uwar ne ke da shi.

Likita Wing ba ta zauna kuka ba. A 1962 ita da wasu iyaye suka kafa ƙungiyar iyayen yara masu otizim, wadda har yau tana aiki a Birtaniya. Ba su jira gwamnati ba, a 1965 suka buɗe makarantarsu a Landan. Ita kuma ta mayar da rayuwarta kan bincike. Tare da abokiyar aikinta Judit Gul, suka bi yaran wata unguwa a Landan mai suna Kambawel, suka fitar da sakamako a 1979. Kafin nan ana ɗauka yaro 4 ko 5 ne cikin 10,000. Su suka samu kusan 20. Suka kuma nuna cewa abin ba kala ɗaya ba ne. Wani ba ya magana sam, wani kuma bakinsa ba ya rufuwa amma kan abu ɗaya yake ta maimaici. Wani sai an yi masa komai, wani zai gama jami'a. Abin da ya haɗa su shi ne wahalar cuɗanya da mutane, wahalar fahimtar juna a zance, da son maimaita abu ɗaya ba canji. Wannan fahimta ce likitocin duniya ke aiki da ita yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 ne. Likita Wing ta rasu a 2014.

To, me ya shafe mu? Ku ƙirga yaran gidajenmu da na maƙwabta, za ku san cewa suna cikinmu. Sau da yawa suna ƙuryar ɗaki ne, an rufe su kada baƙi su gani.

Ga abin da uwa za ta lura da shi. Yaro ya shekara ɗaya ana kiran sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya nuna miki abu da yatsa don ki gani. Ba ya son haɗa ido. Yana jera murafan kwalba na tsawon lokaci, in an taɓa ɗaya ya ɓarke da kuka. Yana toshe kunne idan an tada injin markaɗe ko janareto. In kin ga haka, ki kai shi asibiti a fara duba jinsa, sannan ki nemi likitan yara. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Kuma don Allah ku ji da kyau: allurar rigakafi ba ta kawo shi. Binciken da ya fara wannan magana a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Babu maganin sha da ke kawar da otizim, duk wanda ya ce zai sayar miki da shi kuɗinki yake so. Abin da ke taimako shi ne koyarwa da wuri, da haƙuri, da tsari ɗaya kullum. Sai makaranta. A 1994 ƙasashe 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince cewa yara masu buƙata ta musamman su yi karatu tare da sauran yara. A Najeriya ma, dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a 2019 ta ba su haƙƙin ilimi. Amma doka ba ta shiga aji ta koyar. Malami ake buƙata wanda ya san ya zaunar da yaron nesa da hayaniya, ya yi masa bayani da hoto, ya hana 'yan aji tsokanarsa.

Nan ne roƙona yake, Hajiya Shugaba. Ana karanta wannan fanni a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, da kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo. Mu da muke tara kuɗi mu saya wa juna keken ɗinki da buhun gyaɗa, ba za mu gaza ɗaukar nauyin yarinya ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ta karanto shi ba. Ina roƙo a sa wannan a zaman kwamiti na gaba. Sannan duk wadda take da irin yaron nan, ta zo da shi taronmu. In ya yi ihu, mu gyara masa wuri, kada mu gyara mata zama. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ƙara haɗa kanmu.