Haƙƙin Mai Raino a Tondibia

A Tondibia, da ke bakin kogin Kwara a gefen Yamai, akasarin iyaye da baki suke ƙulla yarjejeniya da mai raino, shi ya sa idan wata ya ƙare aka saɓa kan kuɗi, babu takardar da za ta raba gardama. Galibi maganar takan fara zuwa gaban maigari, wanda dokar Nijar ta ba shi ikon sasantawa, wato daidaita masu jayayya da yardarsu ba tare da yanke hukunci ba. Sai dai yarinyar da ke kwana a gidan, tana goyo tana wanke tsummokaran jariri, ma'aikaciya ce a idon dokar ƙwadago ta 2012, don haka tana iya kai kukanta ga sufeton ƙwadago, idan sulhu ya faskara kuma a wuce kotun ma'aikata, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Abin takaici shi ne yawancin masu rainon daga ƙauye aka kawo su, ba su san da wannan hanya ba, kuma sau da yawa albashin nasu yana faɗawa hannun wadda ta kawo su.