Filin Wasa Da Kuɗin Talaka: Laccar Da Aka Yi A Birnin Malam

Jama'ar Birnin Malam, da 'yan'uwanmu da suka taso daga Jega da Aliero da Maiyama.

Duk sa'ad da zaɓe ya gabato, masu mulki sukan ce za su gina ƙaton filin wasa, wai zai jawo baƙi, ciniki ya buɗe, baitulmali ya cika. To, bari mu duba inda aka riga aka gwada.

A Ikko an gina filin wasa na ƙasa a Surulere a 1972, aka yi wasannin Afirka a cikinsa a 1973. Da aka gina wani a Abuja saboda wasannin Afirka na 2003, sai aka yi watsi da na Ikko shekara da shekaru. Shi kansa na Abuja ciyawarsa ta lalace, har sai da Alhaji Aliko Dangote ya sa kuɗinsa aka gyara. Birnin Montreal na ƙasar Kanada ma ya gina fili saboda wasannin Olamfik na 1976, bai gama biyan bashin ba sai 2006. Shekara 30 cur!

Dalilin a fili yake. Kwana kaɗan ake wasa a shekara, amma albashin masu gadi da ban ruwan ciyawa da kuɗin lantarki ba su da hutu. Kuɗin da saurayi ya biya a ƙofa kuwa, da ma a wurin mai shayi ko mai tsire zai kashe shi, watau garin bai ƙaru da kome ba. Ɗan kwangila shi ne ke kwashe riba ya yi gaba.

Mu ba maƙiyan wasa ba ne. Kokawa da dambe gadonmu ne, a dandali ake yin su bayan kaka. A share wa samari filin ƙwallo a kowace gunduma, a kula da filin Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi. Sauran kuɗin a sa su inda za su haihu: rumbunan ajiyar albasa a Aliero, don kada ta ruɓe kafin ta yi daraja, da hanyoyin kai amfanin gona kasuwar Jega.

Saboda haka, jama'a, duk wanda ya zo muku da alkawarin fili, ku tambaye shi nawa zai ci, daga aljihun wa, kuma wa zai ɗauki nauyinsa bayan an gama bikin buɗewa. In ya kasa amsawa, ku riƙe ƙuri'arku.

Allah ya ba talakawa nasara, amin.