Amsa ga Mai Tambaya: Ciyawa a Kan Rufin Makaranta?

Yau takarda ce ta zo mana daga wani manomi a ƙasar Kiru. Ya ce ya ji wai a Turai ana shuka ciyawa a kan rufin gini don ɗaki ya yi sanyi, shin gaskiya ne? In haka ne, ko za su iya yi wa makarantar garinsu? Don a watan Afrilu yara ba sa iya zama a aji saboda zafin kwano, damina kuwa na kamawa iska ta kwashe rufin.

To, malam, abin da ka ji gaskiya ne. A birnin Basel na ƙasar Suwizalan, tun shekarar 2002 doka ta wajabta shuka a kan sabon gini mai shimfiɗaɗɗen rufi. Ƙasa da ganyen su ke tare rana, sai kuɗin wutar sanyaya ɗaki ya ragu. Amma fa rufinsu an yi shi ne don ya ɗauki wannan nauyi. Ƙasar gona mai kaurin santimita 10, in ta sha ruwa, kowane murabba'in mita ya kai nauyin buhun siminti uku. Don Allah kada a ɗora wannan a kan kwano da katakon da gara ta ɗanɗana, ga yara a ƙarƙashi. Balle Doguwa da Tudun Wada, inda ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa.

Mu a nan, inuwar itace za ta yi mana wannan aiki. A dasa darbejiya ko mangwaro a gabas da yammacin ajujuwa, a bar kamar taku goma daga bango, don saiwa kada ta fasa gini, reshe kuma kada ya faɗo kan rufi. Kun sani hadari daga gabas yake taso mana, to layin itatuwa a can zai karya ƙarfin iska. A dasa da farkon damina, kowane aji a ba shi nasa ya kare daga awaki.

Akwai kuma dabarar wani maginin zamani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré. A ƙauyensu Gando ya gina firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin, iska tana ratsawa tsakani tana kwashe zafi. Ko ba a kai ga haka ba, silin na asabari da farin fenti a kan kwano suna rage zafi sosai.

Kafin ruwan farko, kwamitin makaranta ya kira kafinta ya hau ya duba. Katakon da ya ruɓe a canza, sauran a shafa musu baƙin mai, a ɗaure su da waya mai kauri ko rodi a jikin bango.

Batun tsaro kuwa, tun da aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, iyayen da ke kusa da dajin Falgore suna da dalilin damuwa. Itace ba ya tare ɗan bindiga, wannan aikin hukuma ne. Amma shingen dashi da zogale, mai ƙofa ɗaya, zai sa a ga duk mai shigowa. A guji bini-da-zugu, 'ya'yansa guba ne ga yara. A rataye tsohon ƙarfen mota a koya wa yara bugun haɗari da inda za su nufa, shugaban makaranta kuma ya riƙe lambar mai unguwa da ta 'yan sintiri. Makarantun bakin titin Kwanar Ɗangora zuwa Jos, a samu dattijo mai tsallakar da yara safe da rana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, akwai takardar wani ɗan kasuwa daga Bebeji. A huta lafiya.