Ƙarin Sifirin a Hanyar Dareta

Duk wanda ya bi hanyar Anka zuwa Dareta da damina ya san abin da ramuka ke yi wa ƙasan mota. Shi ya sa masu tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, ta kamfanin nan da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kan ƙara wa sifirin baya falle ɗaya ko biyu a ƙofar gida, motar ta ɗaga.

Dabarar ta burge ni. Amma fa falle ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Da mota ta ɗaga sai a ƙara mata buhunan gero, tsayawa ta yi wuya, shokabzobar da manta ya tsiyaye kuma ta bar mota tana tangaɗi a kwana.

Direbobi, don Allah, ranar da kuka taɓa sifirin, ku kai wa bakanike ya duba birki da tayoyi.